Jin Nauyi: Nazarin Faɗuwar Ɗan Acaba da Fasinjansa a Gangaren Tumfure

A wani yammaci na watan Agusta, bayan ruwan sama ya ɗauke da kamar awa guda, wani matashin ɗan acaba ya faɗi da fasinjansa a kan titin da ya gangaro daga Tumfure zuwa cikin garin Gombe. Ba su yi karo da kowa ba, kuma duk waɗanda suka ga abin sun yarda cewa gudun da yake yi bai kai na ganganci ba. Fasinjan, wani dattijo mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, ya karye a wuyan hannunsa na dama, salansa kuma ya ƙone shi a ƙafa. Yaron ya tsira da ƙujewa a gwiwa da tafin hannu. Kwana uku bayan haka shugabannin tashar da yake lodi suka aiko a kira ni in duba mashin ɗin kafin a zauna sulhu, saboda na shafe shekaru ina gyaran mashin kafin ciwon baya ya zaunar da ni. Abin da na rubuta a nan ya fito ne daga abin da na gani a jikin mashin ɗin da abin da mutanen biyu suka faɗa da bakinsu, kuma na ɓoye sunayensu.

Mashin ɗin Bajaj Boxer ne, irin wanda ya cika titunan Gombe da Bauchi, mai ƙaramin inji na kusan sisi 100 (wato cc, ma'aunin girman inji), wanda nauyinsa shi kaɗai yake kusan kilo 110, kuma birkinsa na gaba da na baya duk irin mai ganga ne. Yaron siriri ne, kilo 58. Alhajin kuwa an auna shi a asibitin da aka ɗaure masa hannu, aka sami kilo 124, ga kuma ƙullin shaddoji da ya ɗauko wanda na auna da kaina a sikelin mai hatsi, ya ba da kilo 12. Idan yaron yana tafiya shi kaɗai, shi da mashin ɗin kilo 168 ne. A ranar da abin ya faru sun kai kilo 304. Wato ƙafafu biyun nan da birki biyun nan, waɗanda ya saba da halinsu tun safe, an ɗora musu kusan ninki biyu na abin da suka saba ɗauka, ba tare da an taɓa ko da noti ɗaya a jikin mashin ɗin ba.

Yadda aka hau

Alhajin ya tsayar da yaron ne a ƙofar gidan wani abokin cinikinsa a cikin unguwa. Kafin yaron ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa ya riƙe birki, dattijon ya riga ya taka matakin ƙafa na hagu ya ɗora dukan nauyinsa a kai, har mashin ɗin ya karkata, yaron ya tare shi da ƙyar. Sun yi dariya su biyun, suka ɗauke shi abin wasa.

Sai batun zama, wanda a ganina shi ne cibiyar lamarin. Dattijo mai mutunci ba ya son ya manne da bayan yaron da bai wuce sa'an jikansa ba, saboda haka sai ya ajiye ƙullin shaddojin a tsakaninsu, shi kuma ya ja baya har rabin jikinsa ya bar kujera ya hau kariyar ƙarfen da ke baya. Yaron a nasa ɓangaren ya matsa gaba ya kusa hawa tanki don ya ba babba wuri. Kowannensu ladabi ya yi wa ɗan'uwansa. Amma wanda ya zauna a kan kariya ya zauna ne a saman gindin tayar baya ko ma bayanta, kuma duk nauyin da ya wuce wannan wuri yana aiki ne kamar yaro a ƙarshen lilon katako: yana danna baya, yana ɗaga gaba. Tayar gaba ita ce take juya mashin, kuma ba ta kama ƙasa sai da nauyi a kanta. Yaron ya ce tun a ɗan hawan da ke fitowa daga unguwa zuwa kwalta ya ji kan mashin ɗin ya yi sakayau a hannunsa, kamar ba ya taɓa ƙasa. Na tambaye shi dalilin da ya hana shi tsayawa a nan. Ya sunkuyar da kai bai amsa ba, sai a wajen sulhu amsar ta fito.

Abin da na tarar a jikin mashin

Na fara da tayar baya. A gefenta an rubuta 3.00-17 sannan 50P. Yawancin masu tuƙi suna karanta girman tayar su tsallake sauran, alhali lambar 50 ɗin nan tana nufin iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 190 ne, shi ma sai an cika mata iska yadda ya kamata. A kiyasina, abin da ya sauka a kan tayar baya a wannan rana ya kai kilo 230: kusan kilo 60 na mashin ɗin kansa, kusan 35 daga jikin yaron, sai dukan nauyin Alhajin da ƙullinsa, tunda ya zauna daidai samanta. An haura iyakar da kilo 40.

Da ma a ce iskar ta cika, da da sauƙi. Mai faci ya sa ma'auninsa, muka sami awo 20. A ƙananan mashinan Bajaj, abin da kamfanin ya saba rubutawa shi ne awo 25 a gaba, 28 a baya idan mutum shi kaɗai ne, 32 idan da goyo, a ma'aunin da ake kira psi. Yaron bai bar ta haka don sakaci ba. Da gangan yake rage iskar, domin lungunan Gombe rairayi ne, kuma taya mai laushi ta fi ratsa rairayi ba tare da ta nutse ba. Dabara ce da take masa aiki idan ya ɗauko ɗalibi ko mace da cefanenta a cikin unguwa. A kan kwalta kuwa, da kilo 230 a kanta, tayar da ba ta da iska takan baje, gefunanta su riƙa lanƙwashewa suna miƙewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi, sannan bayan mashin ya riƙa rawa kamar jelar kifi da zarar an karkata.

Shokozoba biyun na baya suna da matakai biyar na ƙara wa sifirin ƙarfi, kuma na tarar da su a matakin farko, mafi laushi, inda suke tun ranar da aka fito da mashin ɗin daga kwali. Na dama ya daɗe yana yoyon mai, ƙura ta manne a jikinsa ta yi baƙi. Da na leƙa ƙarƙashin murfin tayar baya sai na ga sabon gogaggen wuri inda taya ta ci shi, shaidar cewa sifirin ya matse har ƙarshensa a kan hanya. Mashin ɗin da shokozobansa ya kai ƙarshe ba shi da sauran abin da zai shanye rami ko tudu, duk abin da ƙasa ta yi kai tsaye yake shiga jikin ƙarfe da jikin mutanen da ke kai. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba: idan baya ya zauna sosai, fitilar gaba takan ɗaga ta haska sama maimakon hanya. Wannan bai shafi lamarinmu ba tunda da sauran rana, amma da bayan magariba ne da ya ƙaru a lissafi.

Birkin gaba shi ya fi ɓata mini rai. Wayarsa ta saki ƙwarai, sai an ja hannun ya kusa taɓa mariƙi kafin ya fara kamawa, kuma idan ya kama sai ya kama gaba ɗaya. Akwai wata tsohuwar magana a tsakanin 'yan acaba cewa birkin gaba shi ke kayar da mutum, har wasu sukan sassauta shi da gangan, su dogara da na ƙafa kaɗai. Gaskiyar ita ce lokacin da ake tsayawa nauyi yana komawa gaba, kuma mafi yawan ƙarfin tsayar da mashin daga birkin gaba yake fitowa. Wanda ba ya taɓa shi a kullum, ranar da tsoro ya sa ya damƙe shi ba zai san yadda ake jansa a hankali ba, sai ya faɗi, sai kuma a ce ai ga shi maganar ta tabbata.

Gangaren

Garin Gombe a cikin kwari yake, kuma duk mai shigowa ta hanyar Bauchi ya san doguwar gangarar da ke sauko da shi daga Tumfure. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗabi'ar sakin mashin a firi a kan gangara ta ƙaru a tsakanin masu haya, wasu har kashe injin suke yi. Yaron ya amsa cewa a firi ya sako mashin ɗin, kamar yadda yake yi sau da yawa a kowace rana. Mashin da ke cikin giya ta biyu ko ta uku injinsa yana riƙe shi, birki taimako kawai yake yi. Wanda ke firi kuwa babu abin da ke riƙe da shi sai birki, kuma a nan birkin baya ne kaɗai, ƙaramar ganga guda da aka bar wa aikin riƙe kilo 304 tun daga saman tudu. Duk gudun da birki ya rage, zafi yake zama a cikin gangar. Nauyi ya ninka, zafin ya ninka, kuma gangar birki idan ta yi zafi sosai kamunta yakan ragu, mutum ya taka ya ji kamar soso yake takawa.

Wani mai Keke Napep da ke gabansu ya tsaya ba zato don ya ɗauki fasinja. Yaron ya kiyasta gudunsa da kilomita 40 a awa, wanda yake daidai da mita 11 a kowace daƙiƙa, kuma tazarar da ya bari ita ce wadda ya saba bari idan yana ɗauke da mutum marar jiki. Ya taka birkin baya har ƙasa, mashin ɗin ya rage gudu amma bai tsaya ba. A hagunsa akwai babbar mota, saboda haka ya karkata dama zuwa bakin titi, daidai inda ruwan da aka yi ya tara rairayi a kan kwalta. A wannan lokaci abubuwa uku suka haɗu. Alhajin, wanda ba abin da yake riƙe da shi sai ƙullin shadda, ya zamo gaba ya danne yaron a kan hannun mashin. Da ya ji mashin ya kwanta dama, sai ya ja jikinsa hagu don ya miƙar da shi, abin da kowane mai tsoro zai yi, amma mutum mai kilo 124 idan ya motsa, ya fi ƙarfin abin da yaro mai kilo 58 zai iya gyarawa, daga nan kuma ya sauke ƙafarsa ta dama yana neman ƙasa. Yaron kuma ya damƙi birkin gaba alhali kan mashin a juye yake kuma tayar tana kan rairayi. Gaban ya zame, suka kwanta ta dama, ɓangaren da salansa yake, ƙafar dattijon ta shiga ƙarƙashinsa, hannun da ya tokare ƙasa da shi ya karye.

Babu wanda ya sa hular kwano a cikinsu, duk da cewa tun ranar 1 ga Janairu, 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta ga mai tuƙi da wanda aka goya. Allah ya tsare kawunansu ba su bugi ƙasa ba. Haka kuma babbar rigar Alhajin ba ta shiga cen ko wayoyin taya ba, domin ya tattare ta a cinyarsa tun da farko, kuma wannan shi ne abu guda da aka yi daidai a tafiyar.

Zaman sulhu

An zauna a rumfar tashar bayan la'asar. Babban ɗan Alhajin ya zo da zafi yana maganar kai ƙara wajen 'yan sanda, mahaifinsa ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce a bari a ji bayanin bakanike tukuna. Da na kai ga batun wurin zama, sai dattijon ya juya ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, me ya hana ka ce mini in matso gaba?" Yaron ya ce, "Wallahi Baba Alhaji, nauyinka na ji." Mutane suka yi dariya saboda maganar ta ci biyu, har shi Alhajin ya murmusa, amma yaron ba wasa yake yi ba. Yana nufin bakinsa ba zai iya gaya wa sa'an kakansa cewa jikinsa ya yi wa mashin yawa ba, ko ya umarce shi ya manne da bayansa, ko ya ce masa ya sauka ya nemi Keke. Ga kuma balas ɗin da mai mashin yake jira kowane dare, wanda ya sa mayar da fasinja ya zama asara biyu, ta kuɗi da ta fuska.

Na ba wannan amsa muhimmanci fiye da duk abin da na gani a jikin ƙarfe, domin sauran kurakuran duk masu gyaruwa ne a cikin 'yan mintuna, amma babu wanda zai gyaru sai an buɗe baki. Ƙara iska zuwa 32 yana buƙatar a ce wa fasinja ya ɗan jira a wajen mai faci. Mayar da ƙulli kan tanki a gaban mai tuƙi, inda zai ƙara wa tayar gaba nauyi, yana buƙatar a karɓe shi daga hannun mai shi. Haka nan gaya wa fasinja ya jira sai an ce ya hau, ya matso ya zauna a tsakiyar kujera, ya riƙe ƙugun mai tuƙi ko ƙarfen gefen kujera, ya bar ƙafafunsa a kan mataki ko da an tsaya, ya bi mashin duk inda ya karkata kamar buhun da aka ɗaure, duk magana ce da za a yi a cikin rabin minti. Kuma Hausa ba ta rasa hanyar faɗin wannan cikin ladabi ba. Wani dattijon ɗan acaba da ke wajen ya ce shi abin da yake faɗa shi ne, "Ranka ya daɗe, mashin ɗin nawa ne ba shi da ƙarfin baya, a taimaka a matso kusa da ni." Ya ɗora laifin a kan mashin, ya bar mutum da mutuncinsa, kuma a cewarsa bai taɓa samun wanda ya yi fushi ba.

An tambaye ni ko da an yi duk waɗannan gyare-gyare mashin ɗin zai iya ɗaukar Alhajin lafiya. Na ce idan ya matso gaba, aka mayar da ƙullin kan tanki, nauyin da ke kan tayar baya zai sauko ya kusanci iyakarta, kuma a ɗan gajeren zango a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da cikakkiyar iska da shokozoba mai lafiya a matakin ƙarshe, da tafiya a hankali, ba zan hana ba. Amma doguwar gangara bayan ruwan sama, da mutum mai wannan jiki da kayansa, a kan mashin mai sisi 100, aikin Keke ne, kuma abin da ya dace yaron ya yi shi ne ya tsayar wa dattijon Keke da kansa ya sa masa ƙullinsa a ciki.

Game da rabon alhaki, ra'ayina shi ne kaso mafi girma na yaron ne, domin shi ke riƙe da kan mashin, shi ya saki firi, shi ya bar birkin gaba a sake, shi ya ji gaban ya yi sakayau ya ci gaba da tafiya. Mai mashin yana da nasa kason, tunda an shaida cewa sau biyu yaron yana gaya masa shokozoba yana yoyo yana cewa a bari sai wata ya ƙare. Ban ɗora wa Alhajin komai ba. Wasu sun so a ce ai shi ya zauna a kan kariya kuma shi ya sauke ƙafa, amma fasinja ba a koya masa tuƙi ba, kuma jikinsa ba laifi ba ne. Wanda ya karɓi kuɗin ɗaukar mutum shi ya kamata ya san abin da abin hawansa zai iya.

Aka yanke cewa mai mashin zai sayi sabbin shokozoba biyu kuma ya biya rabin kuɗin asibiti, yaron ya biya sauran rabin a hankali daga abin da yake samu. Alhajin ya yafe kason yaron a nan take, bisa sharaɗin ya sayi hular kwano biyu da kuɗin, ya kuma kawo su shago ya gani da idonsa. A gabana aka ɗaure wayar birkin gaba, na sa yaron ya goya wani ƙaton abokin aikinsa a filin bayan tasha, ya yi ta tashi yana tsayawa da birki biyu tare, yana jan na gaba sannu a hankali, har sai da hannunsa ya daina damƙa.

An cire wa Alhajin ɗaurin hannu bayan mako shida, ƙunar ƙafar kuma ta fi daɗewa kafin ta warke. Yanzu Keke yake hawa idan zai je Tumfure, amma idan zai tashi daga kasuwa zuwa gidansa a Jekadafari yakan aika a kira masa yaron nan, ya miƙa masa ƙullinsa ya ɗora a tanki, ya tsaya yana jira har sai an ce masa "Bismillah, Baba Alhaji." Na duba tayar bayan mashin ɗin sau biyu tun daga lokacin, na same ta a 32 duka biyun. Hular kwano ta biyu tana rataye a hannun mashin, fasinjoji kaɗan ne ke karɓarta. Wata safiya kuma na hango shi yana saukowa daga Tumfure shi kaɗai babu goyo, injin a kashe, mashin ɗin a firi.